Daga Madafa: Dunƙulen Namana Ya Watse a Gaban Dangin Miji

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ambaci romon dunƙulen nama a layi ɗaya kacal, cikin abubuwan da ake yi wa mai jego idan ta gaji da farfesun kaza. Ashe na sosa wa mutane inda ke yi musu ƙaiƙayi. Saƙonnin da suka shigo a kansa sun fi na komai yawa, don haka na bar masa shafin yau gaba ɗaya. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Wata huɗu ke nan da kai ni ɗaki. Ranar Asabar ƙannen maigida da babbar yayarsu suka zo mini wuni, na ce bari in burge su da miyar ƙwallon nama irin wadda nake gani a waya. Na sayi niƙaƙƙen nama rabin kilo, na wanke shi tas, na markaɗa albasa da attaruhu na zuba, na fasa ƙwai uku don ya kama sosai. Da miya ta tafasa na jefa su, na juya. Wallahi Anti ko ɗaya bai tsira ba, duk suka dagargaje. Har yau kunya nake ji. A ina na kuskure?
Amarya, Kaduna

Amsa: Amarya, share hawayenki, ba a kanki farau ba. Ni da kike tambaya, karon farko da na gwada a gidan miji, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta buɗe kwano ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko dambun nama ne ya faɗa ruwa. Da wannan aka riƙa tsokanata har na yi haihuwar fari.

Kuskure huɗu kika yi, amma uku daga ciki uwarsu ɗaya: ruwa. Kin wanke niƙaƙƙen nama, ya sha ruwa. Kin zuba markaɗaɗɗiyar albasa, ruwa ce zalla. Kin ƙara ƙwai uku, su ma ɗanyensu ruwa ne. Na huɗun kuma kin jefa su a tukunya tana ɓararraka, kika bi su da ludayi. Ko dutse ne sai ya ji a jikinsa.

Ga abin da nake so ki riƙe. Ba ƙwai ne ainihin abin da ke kama dunƙulen nama ba, ba kuma fulawa ba. Naman ne ke kama kansa. A cikin tsoka akwai wani sinadari da masana ke kira mayosin. Gishiri ne ke jawo shi waje, cuɗawa ta baza shi ko'ina, sai nama ya yi danƙo. Idan zafi ya taɓa shi ya daskare kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko, ya riƙe komai. Ruwa idan ya yi yawa sai ya shiga tsakani, danƙon ya kasa haɗuwa. Shi ya sa mata ke ta ƙara ƙwai da fulawa, abin kuma yana ta ƙara lalacewa.

To bari in ba ki yadda nake yi, tun daga wurin mahauci.

Ki sayi tsokar cinyar saniya, ki ce ya haɗa miki da ɗan tozo, yadda kitsen zai kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabin kilon. Kada ki ji ƙyamar kitsen, shi ne taushin. Ki karɓi ƙashi kuma, mai ɓargo in an samu, don romo. Naman a dunƙulensa ake wanke shi, a zuba a kwando ya tsane, a goge da tsumma mai tsabta, sannan a yanka a niƙa. Da zarar an niƙa, shi da ruwa sun yi hannun riga sai a tukunya.

Ƙashin ne zai fara hawa wuta. Ruwa kamar lita biyu, rabin albasa, citta, kimba guda, kanumfari uku, ɗan daddawa. In ya tafaso ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage wuta ki bar shi awa guda. Kafin nan kin gama da naman.

A kan niƙaƙƙen naman ki fara zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe. In za ki sa magi ki rage gishirin. Albasa ƙarama guda, ki goga ta a abin goga kuɓewa, ki zuba a tsumma ki matse ta da ƙarfi. Ruwan da ya fito ki juye a tukunyar ƙashi, dusar ita ce ta nama. Sai tafarnuwa sala uku da ɗanyar citta kaɗan a dake, masoro, attaruhu ɗaya da aka jajjaga lukui, da yankakken lawashi. Ƙwai ɗaya ya isa. Garin busasshen burodi babban cokali uku. Ni dai sau da yawa garin ƙuli-ƙuli nake sawa cokali biyu a madadinsa, yana tsotse danshi, yana kuma ba da wani garɗi mai tuna wa mutum tsire. Sai dai ki ɗanɗana ƙulin tukuna, wani akwai gishiri da yaji a ciki.

Sai cuɗawa. Ki sa hannu ki murza kamar mai kwaɓin alkaki, minti uku zuwa biyar, har ki ji ya fara manne miki a yatsu. Ki ɗebo cikin tafi ki kife hannun. In ya tsaya bai faɗo ba, ya yi. Ki rufe ki sa a firij rabin awa, sanyi na ƙara masa ƙarfi. Daga nan ki shafa mai a tafin hannu ki mulmula. Duk wadda ta taɓa mulmula fura ta iya wannan. Girman ƙaramin lemon tsami nake yi, rabin kilo yakan ba ni ashirin da 'yan kai. Ki tabbatar ba tsaga a jikinsu, ta tsaga ruwa ke shiga.

A wata tukunyar ki zuba man gyaɗa cokali uku, ki soya albasa, ki kawo jajjagen tumatir huɗu da tattasai biyu da attaruhu gwargwadon bakin gidanku. Ki soya har mai ya taso, gafin tumatir ya fita. Ki tace romon ƙashin a kai, ki yanka dankalin turawa uku da karas biyu ki zuba, su yi minti goma.

Yanzu ga inda kika faɗi. Ki rage wuta har tukunya ta daina tsalle, ya zama ƙananan ƙwayoyin tafasa ne kawai ke tasowa daga gefe. Mu da muka tashi da ɗanwake hannunmu ya saba jefawa a ruwa mai ɓararraka, to wannan ba ɗanwake ba ne, ba shi da kukar da za ta riƙe shi. Ki fara da guda ɗaya, na gwaji. In ya yi minti uku bai watse ba, ki sa sauran ɗaya bayan ɗaya da cokali, a hankali. In kuwa ya fara zubar da jiki, ki ƙara wa kwaɓin garin burodi cokali ɗaya ki sake cuɗawa, kin ga ɗaya kika yi asara ba ashirin ba. Wannan gwajin kuma shi zai gaya miki ko gishiri ya ji.

Bayan sun shiga, ki ajiye ludayi nesa da ke na minti biyar. In kina tsoron kada su kama ƙasa, ki riƙe kunnuwan tukunya ki ɗan girgiza. Minti goma sha biyar suke buƙata a wannan girman. Tasowarsu sama ba ita ce shaidar nuna ba, ki ciro babba daga ciki ki raba shi biyu, kada ki ga ja a tsakiya. Alayyahu a ƙarshe, minti biyu, ki sauke.

Dangin miji kuma ki sake gayyato su. Amma ki yi sau ɗaya tukuna daga ke sai maigida.

Tambaya: Hajiya, ina wuni. Mu nan bulet muke ce masa. Ba ni da injin niƙa nama, kuma a unguwarmu sai injin markaɗe. In kai can ko in haƙura?
Mai 'ya'ya biyar, Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki kai, kada kuma ki haƙura. Injin markaɗe ba ya tafiya sai da ruwa, za a dawo miki da kunun nama. Ga shi kuma ba ki san me aka markaɗa kafin naki ba, wadda za ta biyo bayanki da gasarar koko ita ma kin cuce ta.

Kina da turmi, ai kin fi mai inji. Kufta da Larabawa da Turkawa da Indiyawa ke kiran wannan abincin, kowa da irin lafazinsa, asalinta kalmar Farisanci ce, kuma ma'anarta dakakke. Tun kafin a san inji, da taɓarya ake yin sa. A hannuna dakakken nama ya fi na inji danƙo nesa ba kusa ba, har nakan yi shi ba ƙwai ba burodi kuma ya tsaya.

Ki yanka naman ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ki bi ki cire farar jijiyar nan da yanar da ke jikinsa, don taɓarya ba ta cin su. Turmi ya zama busasshe. Ki zuba nama kaɗan-kaɗan da gishirinsa ki kirɓa har ya zama kamar sakwara, sannan kayan ƙamshi su biyo. In kin samu naman da aka yanka a safiyar ranar, tun da ɗuminsa, ya fi kowanne kamawa. Shi ya sa da Babbar Sallah nake cire tsokar cinyar rago tun kafin a fara suya in ba yara su daka.

Abu ɗaya dai: itace na shan ruwan nama. Da kin gama ki wanke turmi da taɓarya da ruwan zafi da sabulu, ki kife su a rana su bushe ƙayau kafin a daka yaji ko a kirɓa fura, tunda su ba sa sake hawa wuta.

Masu bilenda kuma, ku sa nama ya yi sanyi sosai, ku riƙa kunnawa kuna kashewa. In kuka bar ta tana ta gudu nama zai ɗau zafi, kitse ya narke, ya cakuɗe.

Tambaya: Hajiya, ni namiji ne, a gafarce ni da shigowa shafin mata. Mahaifina ya manyanta, haƙora sun zube, ga shi da son nama. Ni nake kula da abincinsa. Na gwada dunƙulen nama, bai watse ba, amma ya yi tauri kamar ƙwallon goruba. Ya zan yi ya yi laushi?
Ɗan Baba, Jos

Amsa: Malam, shafin nan na duk mai hura wuta ne. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Ban ga tukunyarka ba, amma zan iya rantsewa jan nama zalla ka saya ba kitse, ka kuma soya su suka yi ƙarau kafin ka sa a miya. Wataƙila har da fulawa. Waɗannan ukun su ne goruba.

Ga abin da za ka yi wa Baba. Ka cire ɓawon burodi yanka biyu, ka jiƙa cikin madara babban cokali biyar ko shida, ka dama har ya zama kamar fate, sannan ka cuɗa shi cikin rabin kilon nama mai kitse. Za ka ce ai yanzu na gama faɗa wa amarya ta guji ruwa. Haka ne, bambancin shi ne wannan ruwan burodi ya riga ya shanye shi, ba sako-sako yake yawo ba. Yana shiga tsakanin zaren nama ya hana shi ƙanƙancewa idan ya ji wuta. Dafaffiyar shinkafa rabin kofi ita ma tana yin wannan aikin. Ka cuɗa daidai ya kama kawai, kada ka wuce, yawan cuɗa na sa shi tsalle a baki kamar roba. Ka yi su ƙanana, girman goro, kada ka soya, ka sa su ɗanye cikin romo mai tafasa a hankali. Da harshe ma zai murƙushe su.

In kaza za ka yi masa, cinya za ka cire wa ƙashi, ƙirji bushewa yake yi. Ka rage yaji, ka sa kabewa a romon ta narke ta ba shi kauri, sai ya sha da cokali ko a jiƙa masa burodi a ciki. Sanyin Jos ma kaɗai ya isa dalilin wannan romon.

Tambaya: Anti, a soya kafin a sa a miya ko a sa ɗanye? Ni da ƙawata mun yi gardama.
Ɗaliba, Zariya

Amsa: Ku duka kun ci. Soyayye ya fi ƙamshi, ya fi jure juyi, shi ya dace da miyar dage-dage ta shinkafa ko taliya, ko girkin taro inda hannu da yawa ke shiga tukunya. Ɗanye ya fi taushi, kuma daɗinsa na sauka cikin romo. In romo ne na sha, ni ɗanye nake sawa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta ɗan gasa bayansu a kasko da mai cokali biyu, su yi ja kawai, cikin ya ƙarasa a miya.

Tambaya: Hajiya, ina so in yi da yawa in ajiye saboda azumi, don da yamma aiki na yi mini yawa. Amma wuta a wajenmu sai a hankali, ga zafi. Kwana nawa zai yi?
Uwargida, Sakkwato

Amsa: Uwargida, a nan ba zan yi miki wasa ba. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka yake ba. Ƙwayoyin cuta a bayan tsoka suke zama, wuta na taɓa su sun mutu, shi ya sa balangu ke wucewa lafiya. Da an niƙa ko an daka, na waje sun koma ciki, sun kuma samu fili. Saboda haka ne hukumar aikin gona ta Amurka ta sa ƙa'idar cewa tsakiyar niƙaƙƙen naman shanu ko na rago ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, na kaza kuma 74. Mu da ba mu da ma'aunin, sai mu raba mu duba, mu kuma ƙara 'yan mintoci don kore shakka.

Ɗanyensa a firij mai sanyi ba yankewa, kwana ɗaya zuwa biyu. Dafaffe, kwana uku zuwa huɗu. A firiza da ke riƙe ƙanƙara, wata uku. A waje kuwa awa biyu ce iyaka, in zafi ya haura digiri 32 ta koma awa ɗaya. Ke da ke Sakkwato, inda watan Afrilu ke haura 40, kin san a wane layi kike.

Duk waɗannan kwanakin na mai tsayayyar wuta ne. In firizarki na narkewa da rana ta sake daskarewa da dare, kada ki ajiye ɗanye ko kusa. Ki soya su su nuna har ciki, su huce, ki ƙulla a leda daidai na buɗa-baki ɗaya ɗaya, ki tura can ƙasan firiza tsakanin robobin ruwa masu ƙanƙara, ki rage buɗe ta. Kullum ki ciro ƙulli ɗaya ki jefa a romo ya tafasa sosai. Wanda kika tarar ya saki ya yi ɗumi, ko ya fara yauƙi, ki zubar ba tare da ɗanɗanawa ba. Cikin da ya wuni ba komai ba ya ɗaukar ganganci.

In kuwa wutar ta kwana biyu ba ta zo ba abin da kuka saba ne, shawarata ki bar ajiyar nama. Ki soya jajjage mai yawa, ki haɗa garin kayan ƙamshi a kwalba, naman kuma a sayo na ranar. Kwata ɗin kilo ba ya cin minti goma a turmi. Romon da ya kwana kuma kada ki dogara da ɗumame ɗaya na asuba a wannan zafin, ki dafa daidai cikinku.

Tambaya: 'Yata, ina karanta shafinki jikata na taya ni. Amma ina da ƙorafi. Wannan cure-curen nama ba abincinmu ba ne. Yaran yanzu ba su iya kaɗa kuka ba, ke kuma kina koya musu girkin Turawa.
Tsohuwa, Katsina

Amsa: Inna, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganar kuka gaskiya kika faɗa, na karɓi laifi, kuma na yi alkawarin shafi guda a kanta. Amma ki ba ni dama in ɗan kare kaina.

Abincin nan ya fi kusa da Gabas a kan Turai. Alhazanmu na cin kufta a Makka da Madina, 'yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san ta. Turkawa na da romonta da suke sa wa ƙananan dunƙule, mutanen Tabriz a Iran kuma sukan yi guda ɗaya ƙato su cusa dafaffen ƙwai da busassun 'ya'yan itace a cikinsa. Har Turawan Sifaniya ma sunan da suke kiransa, albondiga, daga Larabci suka samo shi, tun zamanin Andalus da Musulmi suka yi mulki a can daga 711 zuwa 1492. Kalmar ita ce bunduƙa, ƙwallon wata bishiya da ake ci, mai kama da gujiya, daga baya ta zama sunan duk wani ƙaramin abu mulmulalle, har da harsashi. Daga wannan tushen ne bindigarmu ta Hausa ta fito. Ranar da na fara jin haka na yi dariya har da hawaye, na tuna nawa na farkon koyo da suka yi tauri, lallai da an ɗura su a bindigar toka da sun kashe zabo. Daga Sifaniya abincin ya haye Meksiko, inda har yau suke romonsa da shinkafa a cikin naman da ganyen na'a-na'a.

Sannan Inna, gurasa da alkaki da alkubus da ake kai wa gara, sunayensu ma na Larabci ne. Tumatir da barkono da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo. Baƙi ne da suka daɗe har suka zama 'yan gida, yau ba mai cewa ƙuli-ƙuli ba namu ba ne.

Shi ma wannan daddawa da kimba nake sa masa. Na sha jefa shi a miyar taushe, da kabewa da yakuwa da gyaɗa, a ci da waina, ba wanda ya taɓa tambayata daga wace ƙasa ya zo. A miyar kuka ma yana shiga, sai dai jikarki ta dafa su daban a romo ta tsame, ta kaɗa kukarta da maburgi ta gama tsaf, sannan ta mayar da su. In ta kaɗa suna ciki, ita ma wasiƙarta na nan tafe irin ta amaryar Kaduna.